Dabino Mara Ƙwallo

Talata, 2 ga Rajab 1311, bayan azahar

Bismillahi. Ni ne Illa, mai rubuta wa mutanen Gure wasiƙa a bakin kasuwa. Yau na rasa wanda zan rubuta wa sai kaina. Takarda ta yi wuya tun da hanyar gabas ta lalace, amma akwai sauran fararen shafuka a bayan tsohon littafina na tafiya, a nan zan riƙa sauke abin da ya tsaya mini a wuya.

Jiya da hantsi wani baƙo ya tsaya a rumfata, cikin masu gudowa daga Borno, ƙafafunsa duk sun tsattsage. Ya tambayi gidan Abatcha mai lambun dabino. Na ce aminina ne, shekara talatin muna tare. Ya ce alhamdu lillahi, na hutar da shi. Ya miƙo mini wata 'yar takarda da wani malami ya rubuta a hanya, ya ce tunda ko ya kai ma wurina za a kawo a karanta, gara in kai da kaina. Ya sha ruwa ya nufi Damagaram, ko sunansa ban tambaya ba.

Layi huɗu ne. Akwai sunan Aisami a ciki, ɗa guda da Allah ya bar wa Abatcha, wanda ya bi ayari gabas da dabino tun kaka. Na naɗe ta na tura ƙasan gafaka, ƙarƙashin littattafai. Ban kai ba.

Duk mai tambayar dalili ya je ya ga Abatcha tukuna. Tun ranar da labarin abin da ya sami babban birnin Borno ya iso, yau kwana goma sha tara, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida, fuskarsa gabas. Ba ya magana. Abin da yake ci ba zai ƙosar da kaza ba. Mutumin da ko huɗubar Juma'a ba ta ƙarewa sai ya motsa sau goma! Jira ne kaɗai ya riƙe shi, kuma ina tsoron abin da zai rage in na zare masa jiran.

Laraba, 3 ga Rajab, la'asar

Na je. Na zauna. Gafakar tana kafaɗata. Na dawo da ita.

Alhamis, 4 ga Rajab, hantsi

Da safe ina juya littafin nan don in sami farin shafi, sai idona ya faɗa kan farkonsa, na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Bari in faɗi abin da ke ciki, ko don wanda zai tsince shi in mu ma an kore mu.

Shekara ashirin da shida ke nan. A shekarar da na kulle kaina a ɗaki ne, Allah ya ji ƙan matata Zinariya da abin da ke cikinta, ba zan ƙara a kan haka ba. Wata rana Abatcha ya faɗo mini ɗaki ko sallama babu, ya tsuguna, ya ce shi fa ya taɓa cin dabino mara ƙwallo a wani kwari da ke tsakanin tuddan rairayi, tun yana yaro, sunan wurin ne ya ɓace masa. Na ɗaga kai na ce ƙarya ce. Na ce babu shi a littafi, kuma Allah bai halicci ɗan itace ba tare da iri ba, in ba ƙwallo da me za a shuka wani? Ya ce, "Goni, littafinka bai taɓa hawa bishiya ba." Goni yake ce mini don tsiya, ya san karatuna bai kai nan ba.

Gardama ta yi zafi har muka kira Yero shaida, abokinmu Bafillace mai shanu. Aka yanke: za mu bi kwari-kwari mu nema. In an samu, ni zan hau takarkari a juye, fuskata tana kallon wutsiya, in ratsa kasuwar Gure. In ba a samu ba, Abatcha ya hau. Yero ya kawo sansa ya ɗaukar mana kaya, wani baƙin sa da muke kira Alƙali don ba ya sauri kuma ba ya jin roƙo. Kwana arba'in da uku muka yi, kwari talatin da ɗaya, kowanne na rubuta shi da abin da muka ci a cikinsa da wautar da su biyun suka tafka. Ba mu samu ba. Abatcha ya hau Alƙali a juye ranar kasuwa, mata na guɗa, mahauta na buga wuƙaƙe, shi kuma yana riƙe da wutsiya kamar linzami yana gaida jama'a. Har yau in na shiga kasuwa ina tuna ranar, raina ya yi fari.

Zan kai masa littafin in karanta masa. In bai yi dariya ba, ai zai yi gardama.

Juma'a, 5 ga Rajab, bayan la'asar

Na karanta masa fitarmu daga gari da kwari uku na farko. Yadda kullum in mun hango kan dabino daga saman tudu sai ya ce mu tsaya nan, shi ya sauka ya fara gaida masu wurin, wai Manga, Barebarin yankin, ba sa son baƙo ya faɗo musu da tambaya. A lokacin ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba, Barbarcina bai wuce gaisuwa da cinikin albasa ba. Sai mu zauna a rana ni da Yero, can mai lambu ya hauro yana gaishe mu "wushe, wushe", ya ce a'a, ai bishiyar nan kakansa ya santa, tana can bayan tudu biyu. Tsohon kwari na uku ma hannun rigarsa ya cusa a baki yana girgiza, hawaye na zuba, Abatcha ya ce haƙori ne ke damunsa. Har na rubuta masa laya.

Na yi muryoyin duka, har da kukan Alƙali. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ni na kore masa.

Asabar, 6 ga Rajab, almuru

Gida huɗu sun tashi yau a unguwarmu. Ɗanladi maɗinki ya ce akwai wuri a kan jakinsa in ina so in ɗora littattafaina. Na ce ya gaida Damagaram.

Litinin, 8 ga Rajab, azahar

Yakura, matar Abatcha, ta tare ni a zaure da ƙwaryar fura. Ta ce, "Malam, kai da kake bakin kasuwa, kowa ta wurinka yake wucewa. Ba wanda ya gan shi?" Na ce Allah ya jiyar da mu alheri. Ta ce amin, ta ce in sha furar tun ba ta tsinke ba.

Na sha. Wallahi kamar rairayi nake haɗiya. Ni da nake yi wa yara faɗa a kan ƙarya, yau da addu'a na yi tawa.

Laraba, 10 ga Rajab, bayan la'asar

Alhamdu lillahi! Ya yi magana!

Muna kwarin Gidigir a karatu. Wurin da muka kwanta ƙailula a inuwar goruba, na shanya shafukan da na rubuta don tawada ta bushe, na danne su da takalmi, na farka na tarar Alƙali yana tauna, ƙarshen takarda na leƙowa a bakinsa. Yero ya ce to madalla, yanzu ya zama alƙalin gaske, ilimi ya shiga ciki. Na karanta cewa shafi shida ya cinye. Sai na ji daga gefena, murya a dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba: "Bakwai."

Na ce shida, ga shi a rubuce. Ya ce, "Bakwai. Na bakwan ni na ba shi." Na ce don me? Ya ce a nan ne na rubuta cewa yana minshari. Daga nan ya koma kallon hanya. Amma Yakura ta ce ya sha kunu ludayi biyar da yamma, ta ƙirga.

Shekara ashirin da shida ina zagin marigayi Alƙali a kan shafin nan.

Alhamis, 11 ga Rajab, hantsi

Bai ce komai ba jiya da na koma, yau ma haka. Kasuwa rumfa tara ce kawai a buɗe. Kowa da irin labarinsa, wani ya ce mayaƙan da suka ci Borno suna tafe, wani ya ce sun juya kudu. Ba zan rubuta sunan kowa ba.

Asabar, 13 ga Rajab, bayan azahar

Yero ya shigo gari da nono. Ya tsufa, kafaɗunsa sun ranƙwafa a kan sanda, amma bakin yana nan. Fulani da Barebari dai an san su da wasa, su biyun nan kuwa sun wuce kowa. Ya tsaya a kan Abatcha ya ce, "Kai bawana, ubangidanka ya zo kana zaune? Tashi ka karɓi sanda." Da can kafin ya rufe baki Abatcha ya mayar masa da goma, ya ce wane ubangida ne ke kwana a bayan saniya. Yau ko kai bai ɗaga ba.

Na buɗe littafi don in rufe kunyar. Na karanta ranar da aka kawo mana burabusko da miyar kuka a kwari na sha huɗu, Yero ya ce shi a ƙoshe yake, Bafillace ba ya ci a gaban mutane, sannan da la'asar muka same shi bayan tudu ya kifa kai a cikin akushi yana suɗewa, miya har gira. Yero ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya.

Da na raka shi bakin gari ya dube ni ya ce, "Modibbo, gafakar nan ta yi maka nauyi kwanan nan." Na ce littattafai ne. Ya ce to.

Lahadi, 14 ga Rajab, asuba

Na ciro takardar na sake karantawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Hannun malamin mai kyau ne.

Talata, 16 ga Rajab, la'asar

Yau karatu ya kai kwarin Bune. A can ne wata tsohuwa ta kawo mini dabino guda a tafin hannu ta ce ga abin da kuke nema. Na juya shi, na hango ɗan rami a gindinsa inda ta zare ƙwallon da ƙaya ta manne bakin da yawu. Shafi biyu na cika ina yabon basirata. Yau da na karanta a fili na ji kunya, ashe haka nake da cika baki ina saurayi. Ko da yake basirar ma ai ba ƙarya ba ce.

Ina karatu ina tuna yadda duniya take a lokacin. Ka kwana inda rana ta faɗi maka, ba mai tambayarka na wa ne kai. Ka sauka kwari ka tarar da jigo na kuka a bakin rijiya, alkama kore shar, mata na jiƙa kaba, a ba ka ruwa mai ɗan gardin kanwa ka sha kana yamutsa fuska. A tafiyar nan na koma cin abinci da hannu biyu. A tafiyar nan na fara barci har rana ta fito. Mun dawo muka tarar Yakura ta haihu, Abatcha bai ga sunan ɗansa ba saboda dabinon banza, kuma ban taɓa jin ta yi masa gori ba.

Da na zo wurin haihuwar na tsallake shafin. Ya juyo ya dube ni, ya dubi gafakar, ya mai da kai gabas.

Alhamis, 18 ga Rajab, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aka yi daki-daki.

Yakura ta same ni har rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce dabino ya yi fure a kwari, na fari har sun wuce, kuma ba wanda ya aurar da su. Na ce wane irin aure kuma? Ta ce, "Haba Malam, kai sai ci." Wai bishiyar dabino akwai namiji akwai mace. In sanyi ya yi suka yi fure, sai mutum ya hau namijin ya yanko furensa, ya hau kowace mace ya saka mata 'yan sili a cikin nata ya ɗaure. Su masu lambu aure suke ce masa. Tun da gwiwar Abatcha ta fara ciwo Aisami ne ke hawa. Masu hawa na unguwa sun gudu, waɗanda suka rage suna fama da nasu. Ta ce in aka ƙara kwana goma, shekara ta tafi, kuma dabinon nan shi ne geronsu, shi ne suturarsu.

Na ce to in ba a yi auren ba, ba za su haihu ba ke nan? Ta ce za su haihu mana, amma na banza, 'yan ƙanana, ba zaƙi, ba ƙwallo, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Na ce, "Ba me?"

Ta ce ba ƙwallo. Sai ta kama baki da hannu biyu. Ta ce, "Wayyo ni Yakura, maigida ya rantsar da ni." Ta ja mayafi ta fita da sauri.

Juma'a, 19 ga Rajab, almuru

Bayan masallaci na taka har rugar Yero, ƙafata ta kumbura ban ji ba. Na ce ya dubi Allah ya gaya mini gaskiya. Ya dube ni, ya zauna a ƙasa, ya yi ta dariya har maruƙa suka watse.

Ya ce, "Modibbo, ni da ban san komai ba sai saniya, a rana ta biyu na gane. Har Alƙali ya sani." Ya ce abin da Abatcha ke sauka yi a kowane kwari shi ne ya roƙi masu lambu: ga wani malami can a kan tudu, matarsa ta rasu, ya yi wata biyu bai ga rana ba, don Allah ku ce bishiyar tana gaba. Kwari talatin da ɗaya, ba wanda ya tona. Ya ce ban lura ba ma da lokacin da muka fita? An riga an gama tsinke dabino, ko ɗaya babu a kan itace. Mun tafi neman 'ya'ya a watan da ba 'ya'ya, kuma ni mai basira ban tambaya ba.

Na ce to ai Abatcha ke da gaskiya, don me ya hau sa a juye? Da ya bar reshe guda ba aure, shekara na zagayowa ya ajiye mini a gaba. Yero ya share hawaye ya ce shi ma ya tambaye shi. Wai ya ce, "Ka ga yadda yake tafiya yanzu, ƙirji a gaba, ya ci gardama? Bar masa."

Gure duka ta sani. Mahautan da suka buga wuƙaƙe sun sani. Tsohon nan mai ciwon haƙori!

Asabar, 20 ga Rajab, hantsi

Ban je ba. Haushi nake ji. Shekara ashirin da shida ana kallona ana dariya a ciki, ni kuwa ina karanta wa baƙi littafin ina nuna su biyun a matsayin wawaye.

Asabar ɗin dai, la'asar

Ba haushi ba ne. Na yi kuka kamar yaro, na toshe baki da rawani kada maƙwabta su ji, sai na tuna maƙwabtan sun tashi. Ya bar matarsa da tsohon ciki, ya bar lambunsa, ya zagaya da ni cikin rairayi har na warke, sannan ya biya da mutuncinsa a tsakiyar kasuwa. Ni kuma da nawa ya zo, me na yi? Na zauna ina yi masa kukan Alƙali.

Ina son mutumin nan. Ban taɓa faɗa masa ba, kuma in na faɗa zai ce zazzaɓi nake yi.

Litinin, 22 ga Rajab, bayan la'asar

Da hannun hagu nake dafe da takarda, na dama duk ƙaya.

Da sassafe muka sauka kwarin Abatcha ni da Yero, malami da makiyayi za su aurar da dabino. Yakura ta bi mu daga nesa da tulu. Na tuɓe rawani na ba Yero, na ajiye gafaka a gindin itace, na ɗaure riga a ƙugu, na zaɓi bishiyar da ta fi gajarta da yawan fure. Na ce wannan da ganin ƙarfinta namiji ne. Yero ya ce shi ma haka ya gani, tana da tozon bijimi. Na hau. Yadda na hau kada a tambaye ni. Na zaro wuƙar fiƙe alƙalami na fara yanka, ina jefo wa Yero yana tarawa a riga. Na ji Yakura ta yi salati ta yar da tulu ta ruga gari, na ɗauka murna ce.

Ina kan reshe na huɗu na ji wata tsawa daga saman tudu, muryar da na yi wata guda da kwanaki ban ji ta da ƙarfinta ba.

"Goni! La'ilaha illallahu! Sauke wuƙar nan! Uwar lambun kake yankewa!"

Yana gangarowa yana ɗingishi, rairayi na tashi, ba hula ba takalmi. Ya ƙwace furen daga rigar Yero ya ɗaga mini. Ya ce namiji fari ne, in ka kaɗa shi gari ke zuba, wannan 'yan ƙwayoyin da na yanko su ne dabinon bana. Ya juya kan Yero ya ce, "Kai kuma ɗan bayan saniya, kana tsaye kana tara masa!" Yero ya ce, "Sannu da zuwa, bawana," yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Sai ga shi na kasa saukowa. Ƙafata ta ƙi neman wurin takawa. Abatcha ya tsaya a ƙasa yana ba ni umarni, dama, ƙasa kaɗan, ba nan ba, wawa, yana zagina da Hausa yana ƙarasawa da Barbarci, har na diro na zube a gabansa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Muka zauna muna haki. Ya miƙa hannu ya jawo gafakar ya ajiye a cinyata. Ya ce, "To karanta mini na ƙasan."

Na ce wane na ƙasa. Ya ce, "Shekara talatin kana yar da jakar nan duk inda ka ga dama, sau nawa ina bin ka da ita. Kwana ashirin ke nan kana rungume da ita kamar jinjiri. Ni ban iya karatu ba, Illa, amma kai na iya ka." Rabon da ya kira sunana tun kafin tafiyar.

Na ciro. Yakura tana tsaye a bayansa. Na karanta layi huɗun. Ya ce in sake wurin da aka ce an yi masa wanka an yi masa salla, mutum bakwai a sahu. Na sake. Ya ce alhamdu lillahi da ba a bar shi a fili ba. Sannan ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya kifa fuska a jikin bishiyar da na lalata. Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne.

Laraba, 24 ga Rajab, azahar

An yi sadaka. Mutane kaɗan ne, garin ya zama kango, amma masu lambun kwari uku sun zo. Ni na ja addu'a.

Yakura ba ta amsa gaisuwata ba. Tana da gaskiya. Kwana ashirin na hana uwa kukan ɗanta, ta ba ni fura da hannunta na sha. Na ce wa kaina Abatcha nake ji wa tsoro, amma har da tsoron bakina.

Juma'a, 26 ga Rajab, la'asar

Ya ci tuwo. Bai koma kan buzun ba, Yero ya naɗe shi ya tafi da shi ruga wai bawa ba ya zama a kan fata.

Lahadi, 28 ga Rajab, almuru

An aiko mini da burabusko a akushi daga gidan Abatcha, ba saƙo. Miyar ta yi yaji fiye da kima. Na cinye tas.

Laraba, 1 ga Sha'aban, bayan azahar

Kwana huɗu muna kwari, mu uku da Yero. Shi ke hawa, da igiya a ƙugu da gwiwar nan tasa, yana nishi yana hana kowa taimako. Aikina in riƙe furen namiji a inuwa in miƙa sili uku-uku, an hana ni taɓa wuƙa har abada. Yana saka su kai a ƙasa don garin ya zuba, ya ɗaure da ganye sako-sako. Wajen rabi sun wuce, rabi an samu. Labarin gabas yana nan yadda yake, ba mu san gobe ba.

Yau muka zo ta ƙarshe, wata doguwa a bakin rijiya, furenta ya buɗe sosai. Na miƙa sili. Bai karɓa ba. Ya dafa ta ya daɗe. Ya ce wannan ita Aisami ya fara koyon hawa a kanta, kuma kowace shekara da ita yake farawa. Ya ce, "Bana ba mai hawanta. A bar ta haka."

Sai ya kwance igiya daga ƙugunsa yana naɗewa, bai dube ni ba, ya ce, "In bazara ta yi za ta ba da abin nan da ka ce babu a littafi. Ni zan tsinko maka da hannuna, in tsaga a gabanka, gaban shaida." Ya juya wurin Yero. "Kai Bafillace, fara kiwata sa tun yanzu. Mai faɗin baya, Goni ya tsufa."

Na ce ai kasuwar ba kowa. Ya ce za su dawo, ko don su gani.

Na ƙirga a hanya. Wata biyar kafin dabino ya nuna. Alkawarin wata biyar ya ɗauka da bakinsa, gaban mutum biyu, kuma Abatcha bai taɓa saɓa sharaɗi ba, har wanda shi ne ya ci ya biya.

A ƙarshen labarin tafiyarmu, da hannuna na saurayi, na rubuta da manyan baƙaƙe: ba a samu ba, kuma ba za a samu ba. Yanzun nan na tsoma alƙalami na soke layin. Allah ya kai mu bazara mu uku, in hau.